Tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi: gori ce ko dabara?

Ɗan Arkilla: Jama'a, ku warware mana wannan. Hira a Sakkwato yanzu, daga majalisar mai shayi har layin masu kabu-kabu, ba ta wuce tsadar gero da kuɗin mai. Wasu na cewa "tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi" don a sauya zance. Wasu kuma na kawo ta don nuna cewa babba ma ya koma wa tatsuniya kamar yaro, ya sauke nauyin zuciya. Wanne ne daidai?

Malam na Kanwuri: Na farko. Gugar zana ce. Ana faɗa wa wanda duk inda magana ta zagaya sai ya komo da ita wuri guda, ko kuma a faɗe ta kan al'amarin da tun farko an san wanda zai ƙare a kansa. Ƙoƙi matar Gizo ce, shi ya sa aka haɗa su. Sa'a ke faɗa wa sa'a. Ba a jefa wa babba ita a idon mutane, ba a faɗa wa mai kukan rashi, don zai ji kamar an ce ya ishe ku. Babu lallashi a cikinta.

Gwaggo ta Mabera: Malam, a gafarce ni, ka duba karin maganar amma ba ka leƙa cikin gatanar ba. Nawa daga cikin labaran Gizo ke buɗewa da "aka yi yunwa"? Ɗauki na hankaki. Gari ba abinci, hankaki na cin ɓaure a tsakiyar gulbi, Gizo ya roƙi kowane ya ba shi gashi ɗaya, ya liƙa, ya tashi sama. Haɗama ta sa ya hana su ci, suka fige abinsu, ya faɗa ruwa. Waɗanda suka san fari da fara su suka ƙaga wannan, suka sa ɗiyansu dariya da abin da ke ba su tsoro. Kayan aikin kaɗan ne: Gizo, Ƙoƙi, kura, yunwa. Ni a nan nake ganin darasin, abu huɗu sun ishi yaro ya gina duniya.

Na-Runjin Sambo: In ƙara wa Gwaggo hujja. Tarin tatsuniyoyin da Baturen mulkin mallaka Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, mafi yawansa daga ƙasar Sakkwato ya fito, kuma malamai ne suka rubuta da ajami. Wato manya masu gemu sun riƙe labaran nan a ka. Sannan in za a bi karin harafi da harafi ma ba ta tsaya ba, akwai labaran Gizo da yawa da Ƙoƙi ko leƙowa ba ta yi.

Malam na Kanwuri: Na yarda da hujjar, ban yarda a lanƙwasa karin ba. Ku lura da yadda aka yi wa abin ƙofa biyu. Ana shiga da "ga ta nan ga ta nanku", a fita da "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Mai bayarwa da kansa ya shaida ƙage ne. Inda abin ke ɓaci shi ne babba ya shiga ya ƙi fita, ya zauna yana gina bene a iska, ko ya kai kuɗin cefane gidan caca yana jiran ɓauren tsakiyar gulbi. Wannan ya zama Gizo, ba mai sauraron Gizo ba.

Gwaggo ta Mabera: To sai a yi ta da ƙa'ida. Bayan isha'i, an ci abin da ya samu, a shimfiɗa tabarma tsakar gida. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, dama ɗaki ba ya zaunuwa. Waya a ɗaki. A fara da kacici-kacici uku ko huɗu don kunne ya buɗe: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya, baba na ɗaka gemu na waje, hayaƙi. Wanda ya kasa ya ba da gari. Sai gatana ɗaya, kada ta wuce minti goma sha biyar.

Tsamin bakin Gizo dole ne. "Yanka ya daɗe" yake cewa gaban sarki, kuma uban da ya iya faɗin haka gaban ɗiyansa ya riga ya ajiye rabin damuwarsa. In akwai waƙa, a bar yara su yi amshi. Da an kai inda Gizo ya shiga uku, a tsaya a tambaya: yaya zai yi? Amsar da yaro zai kawo, ko ta ce Gizo ya hau wata da igiyar guga, kada a gyara masa. Gyara shi ke kashe abin.

Sauran masu kashe shi: mayar da kowace gaɓa wa'azi, karantawa daga waya ido a ƙasa, da kawo Dodo gaban ɗan shekara huɗu dab da barci.

Ɗan Arkilla: Gwaggo, wanda ke aikin dare fa, ya yi da rana?

Gwaggo ta Mabera: Canfi ya ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. An faɗa ne don kada yara su bar aike da ɗibar ruwa su zauna hira. In an gama aikin, ya yi da la'asar.

Malam na Kanwuri: Ya yi. Amma in maƙwabcinsa ya zo da kukan kuɗin haya karo na biyar, ya ba shi wuri ya zauna, kada ya tare shi da Gizo da Ƙoƙi.