Jadawali Mai Gida Huɗu

Ɗalibar Kabuga:
Salamu alaikum malaman ƙididdiga,
'Yarku ce da tambaya, ku daure da amsawa.
Yara masu kwana a gidan sauro da marasa shi,
Su wa zazzaɓi ya fi kamawa?
Amsar kowa e ce ko a'a,
Ba nauyi ba, ba tsawo ba, balle aunawa.

Malam na Gwammaja:
Amin alaikumus salam, 'yata, zana jadawali mai gida huɗu,
Kai-sikwaya, dabarar gwada alaƙa, ita ce gwanar rarrabewa.
Karl Pearson ya fito da ita a Landan,
A 1900, har yau ba ta tsufewa.
Jimlar layi ki buga da jimlar ginshiƙi,
Ki raba da jimlar duka, ga adadin tsammani in babu alaƙa na fitowa.
Tazarar abin da kika gani da wanda ake tsammani,
Ita kaɗai gwajin ke dubawa.

Likitan Fagge:
Allah gafarta Malam, da sauran magana,
Ƙaramin samfuri na sa ta karkacewa.
In tsammanin wani gida ya gaza 5,
Tsammani fa na ce, ba wanda aka ƙirga ba, ƙanwa,
Sai ki koma ga gwajin Fisher,
Shi daidai yake lissafi, ba ya kintacewa.
Da kofi 8 na shayi ya yi misalinsa a 1935:
Madara ko shayi, wanne aka fara zubawa?
Da mai shayin unguwarmu aka bai wa aikin,
Wallahi da ƙamshi kawai zai yi ganewa!

Ɗalibar Kabuga:
Na gode Yaya. To jinin yaro guda,
Gwajin nan-take da madubin likita duk sun yi dubawa,
Nan ma kai-sikwayar ce?

Anti ta Ƙofar Mata:
A'a ƙanwata, tsaya, kar ki yi gaggawa.
Yaro ɗaya ba ya zama biyu a jadawali,
Amsoshinsa a ɗaure suke, ba sa rabuwa.
McNemar ya warware wannan a 1947,
Inda suka yi ittifaƙi ba ya kulawa.
Wannan ya ce akwai, wancan ya ce babu,
Gidaje biyun saɓani yake ƙirgawa.

Malam na Gwammaja:
Haka ne Hajiya. In p, wato yiwuwar ganin tazara irin wannan alhali babu bambanci na gaske, ta yi ƙasa da 0.05,
'Yata, kar ki fara guɗa da rangaɗawa.
Ranar kare kundi a Jami'ar Bayero,
Girman bambancin za su ce ki zo nunawa,
Da iyakokinsa na amincin kashi 95,
Ki sa su kusa da p tun wajen bugawa.