Babur mai ƙafa huɗu a Mambila: a faɗaɗa jet ko a rage shi?

Mai kiwo, Nguroje: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayo babur mai ƙafa huɗu na hannu don zagaya garke. A Kano na gwada shi, lafiya lau, da na danna totur sai ya zabura. Tun da aka sauke shi a nan ya zama wani abu daban. Tari yake yi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, fulogi biyu na canja cikin mako guda. Wani mai gyara ya ce min mai ne ba ya isarsa, wai duk injin da ya hau dutse ƙarin mai yake nema, in kawo a faɗaɗa ramin jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto. Gaskiya ne?

Ɗan acaba, Serti: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ya faɗa maka. Kullum ina hawa daga Mayo Selbe zuwa sama da buhu biyu a baya, kuma man da nake ƙonawa a hawan nan ya fi na shimfiɗaɗɗiyar hanya nesa ba kusa ba. Mai aikin ƙarfi ai sai da abinci.

Mai gareji, Gembu: Alhaji, don Allah kada ka bari kowa ya sa waya ko allura a ramin jet ɗin nan. In an faɗaɗa shi ba ya komawa. Ciro fulogin ka shafa a yatsa. In ka ga baƙi busasshe kamar gindin tukunya, to mai ne ya yi yawa. Injin da mai bai isa ba fuloginsa fari fat yake fitowa. Ƙanena na Serti, kai maganar hawan tudu kake yi, giya ɗaya da totur a buɗe, dole ka sha mai. Shi kuwa nasa ko a fili tari yake yi.

Ɗan acaba, Serti: To Oga, me ya canja? Kafireton da ya yi aiki a Kano shi ne dai a Nguroje, ba wanda ya taɓa shi.

Malamin koyar da sana'a, Jos: Iska ce ta canja. Kano ba ta kai mita 500 daga saman teku ba, Jos tana wajen 1,200, Mambila kuwa wajen 1,600, wasu wuraren sun fi haka. Iskar oksijin tana nan kashi 21 cikin 100 a ko'ina, amma a can sama iskar gaba ɗayanta ta yi sako-sako. A mita 1,600, abin da fistan ke zuƙowa a kowane zagaye ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100 in an kwatanta da bakin teku. Fetur yana ƙonewa tas ne idan nauyin iska ya ninka nasa sau 14.7. Kafireto bai san an hau dutse ba, rami ne kawai da iska ke wucewa ta ja mai. Iska ta ragu, man bai ragu daidai da ita ba, sai haɗin ya yi kauri. Kamar mai shayi ne ya rage ruwa ya bar sukarin yadda yake. In ka faɗaɗa jet, sukari ka ƙara.

Mai gareji, Gembu: Madalla Malam. Alhaji gwada wannan yanzu, ba sai ka kwance komai ba. Bari injin ya yi zafi, ka ja cok. In ya ƙara shaƙewa ko ya mutu nan take, man ya yi masa yawa. Sannan ka buɗe murfin matatar iska na minti ɗaya a inda babu ƙura. In ya washe, magana ta ƙare.

Mai kiwo, Nguroje: Na gwada. Da na ja cok ya mutu. Da na cire murfin kuwa har ƙararsa ta sauya. Amma soson matatar ya yi dauɗa sosai, jar ƙasa ta liƙe masa.

Tsohon bakanike, Kano: To ka ga rabin ciwon. Wanke soson tukuna, ka shafa masa ɗan mai, ka matse. Ni shawarata a tsaya nan. Shekaruna a wannan sana'a ban ga injin da yawan mai ya fasa wa fistan ba, iyaka ya ci fulogi ya ci aljihu. Amma ƙarancin mai na sha ganin aikinsa: kan fistan ya narke, bawul ya ƙone. Ku rage jet a Gembu, gobe a gangaro da shi Bali ko Jalingo, iska ta dawo da nauyinta, a buɗe masa wuta a kan kwalta. Wa zai biya?

Mai gareji, Gembu: Baba, maganarka dutse, kuma saboda ita ce ba na taɓa wa 'yan acaban Serti jet, tunda kullum suna sama suna ƙasa. Amma ban yarda yawan mai ba ya cutarwa ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda, ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Na sha zare sandar awon mai in ji tana warin fetur. Wannan babur kuwa a gona zai zauna, ba inda za shi.

Tsohon bakanike, Kano: In zai zauna, na ji. Sai dai a bi a hankali. Sanyin Mambila yana ƙara wa iska nauyi, da asuba ba za ta yi sako-sako kamar yadda lissafin Malam ya nuna ba. Mataki ɗaya, a gwada, kafin a ƙara.

Malamin koyar da sana'a, Jos: Haka ne Baba. Kuma kowane sashe da hurumin aikinsa. Silo jet da sukurunsa su ke riƙe da injin daga tsaye zuwa rubu'in totur, allurar kafireto daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, men jet, wato babban jet, daga nan zuwa ƙarshe. Mai zagaya garke a tsakiyar totur yake yini, don haka allura ta fi damunsa. In tana da tsaga-tsaga, a ɗaga kilif ɗin sama da tsaga ɗaya, allurar ta nutse, mai ya ragu. A lura da sukurun: in yana ɓangaren inji na mai ne, ɗaure shi ke rage mai. In yana ɓangaren matata na iska ne, kwance shi ke ragewa. Lambar jet ɗin kafireton kamfanin Keihin kuma daban take da ta kamfanin Mikuni, kada a haɗa.

Mai kiwo, Nguroje: An kwance. Keihin ne, an rubuta 130 a jikin men jet.

Mai gareji, Gembu: Nemi 128 da 125, duka biyu, raminsu bai kai na 130 faɗi ba. Fara da 128, sa sabon fulogi, ka hau tudu da totur a buɗe, ka kashe shi a can kan tudun kada ka bar shi a silo, ka ciro fulogin. Launin ƙasa-ƙasa muke nema. Wannan 130 ɗin ka ƙulle shi a leda ka ɗaure a ƙarƙashin kujera, ranar da za a sauka da shi ƙasa a mayar.

Ɗan acaba, Serti: Ni dai har yanzu ina da ja. Ko an yi duk wannan, zai ja kamar yadda ya ja a Kano?

Malamin koyar da sana'a, Jos: Ba zai ja ba. Inji marar tabo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, har mai injekta da ke gyara haɗinsa da kansa. Tarin da hayaƙin ne za su tafi.

Mai kiwo, Nguroje: Na gode ƙwarai. 125 kawai na samu a kasuwa, an ce 128 sai an aiko daga Jalingo. Oga, in sa wannan ɗin ko in jira?

Mai gareji, Gembu: Jira. Wanke soson, ɗaga kilif ɗin, ka yi kwana biyu da shi haka. Ranar Asabar ka turo min hoton fulogin.