Me za mu kira "kabon kiredit" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "shaidar kabon"

Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu fassara da 'yan jarida da malaman kimiyya ku matso, akwai kalmar da ya kamata mu tsayar mata da suna tun kafin kowa ya kama gabansa. Wannan abin da Turawa ke ce wa kabon kiredit ya fara yawa a labaran sauyin yanayi, kuma kowa da yadda yake juya shi, wani ya ce bashin kabon, wani lamuni, wani diyya, wani malami ma ya ce kaffara, wani ya bar shi da Turancinsa ya wuce abinsa.

Toh mu fara da shi kansa abin. Kiredit ɗaya na nufin tan ɗaya na iskar kabon dayoksaid, ko wata iskar mai ɗumama duniya da illarta ta kai haka, wadda aka ce an zuƙe ta daga sama ko an hana ta fita. Wasu su dasa itatuwa ko su kare daji daga masu sara, masu bincike su zo su duba lissafin, sai hukumar rajista irin Verra ko Gold Standard ta ba kowane tan lambarsa, a sayar wa kamfanin jirgin sama ko na mai ko na kwamfuta, shi kuma kamfanin ya ce toh na goge tan kaza daga hayaƙin da na fitar, daga nan a soke lambar don kar a sake sayar da ita. Shikenan cinikin.

Bashi bai shiga ba ko kaɗan, ba wanda ya ranta wa wani komai a nan. Kuma muna buƙatar kalmar a wani wurin daban, maganar bashin da ƙasashe matalauta ke cewa suna bin manyan ƙasashen da suka fi kowa cika sama da hayaƙi, in muka kashe ta a nan me za mu ce a can? Kiredit kuwa duk wanda ya ji ta a rediyo kuɗin waya ne zai fara zuwa masa a rai.

Na ga waɗanda suka kawo diyyar kabon, kuma gaskiya tana da daɗin faɗa, amma diyya wanda aka cuta ake biya, alhali kuɗin nan yana tafiya ne ga masu aikin da dillalai da masu rajista, abin da ya rage ya kai ga mutanen da ke zaune a dajin, wanda ambaliya ta cinye wa gida a wata ƙasa ba ya ganin ko sisi. Diyya ta fi dacewa da asusun asara da ɓarna da aka amince a kafa a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, COP27, a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022. Malam da ya ce kaffara, Allah ya ƙara basira, na fahimci inda ka dosa, sai dai kalmar tana da nauyin addini, ina tsoron mu yafa wa takardar kasuwa rigar da ba tata ba.

Abin da ya sa na zaɓi shaida shi ne mai saye ba iska ya saya ba, ba itace ya saya ba, magana ya saya, wato an ce masa wani abu ya faru a wani daji da galibi bai taɓa gani ba. Kuma duk Bahaushe ya san akwai shaidar gaskiya akwai shaidar zur, kenan da jin kalmar mutum zai tambaya wa ya ba da ita, wa ya tabbatar. Wannan tambayar ita ce ta girgiza kasuwar gaba ɗaya. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus da ƙungiyar 'yan jaridar bincike ta SourceMaterial sun fitar da bincike cewa sama da kashi 90 cikin 100 na kiredit ɗin kare dazuzzukan da Verra ta yi wa rajista da wuya in sun rage wani hayaƙi na gaske, Verra ta musanta, amma a shekarar shugabanta David Antonioli ya sauka. Yadda ake wasan shi ne a ce da ba don mu ba da an sare rabin dajin nan, alhali ba mai iya ganin abin da bai faru ba, in ka kumbura barazanar sai shaidar da za ka sayar ta yi yawa. Haka aka zargi aikin kare dajin Kariba na Zimbabuwe har kamfanin South Pole mai sayar da kiredit ɗinsa ya janye daga cikinsa a 2023. Kasuwar da ta kai kusan dala biliyan 2 a 2021 sai ga ta ƙasa da biliyan 1 a 2023.

Wani zai iya cewa kalmar shaida ta yi faɗi da yawa, haka ne, shi ya sa nake so mu raba ta biyu, shaidar zuƙewa ga wanda ya dasa sabon daji ya jawo kabon daga sama, da shaidar hanawa ga wanda ya ce ya hana a sare wanda ke tsaye. Turancin ma yakan cakuɗa su, kuma rigimar da na ambata kusan duk a kan ta biyun take.

Sai wata kalmar kuma, ta yadda itatuwa da ƙasa ke riƙe kabon, wadda ake fassarawa da kama kabon ta hanyar halitta. Ni kamawa ba ta kwanta min ba, na fi son ajiyar kabon a daji da ƙasa. Itace yana shan iskar ta ganyensa ya gina jikinsa da ita, kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, wani kuma ya sauka cikin saiwa da ƙasa, amma ajiya ce kawai, ranar da wuta ta ci dajin ko aka sare aka ƙona sai ya koma inda ya fito. Gobarar Bootleg a jihar Oregon ta Amurka a 2021 ta ci dajin da an riga an sayar da shaidarsa. Masu rajista kan ware wani kaso na shaidar su ajiye saboda irin wannan ranar, amma ku duba fa, kabon ɗin fetur da kwal shekaru miliyoyi ya yi a binne, an tono shi an ƙona, sannan a ce itacen da ba a da tabbacin zai kai shekara 100 ne zai tsaya a madadinsa, wlh kalmar kamawa tana ɓoye wannan, ajiya kuwa ba ta ɓoye shi.

Ba wai ina cewa duk aikin banza ba ne. Akwai irin Mikoko Pamoja a Gazi ta gaɓar tekun Kenya, inda mutanen wurin ke kula da itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda laka da ke ƙarƙashinsu ke riƙe kabon mai yawa, kuɗin shaidar kuma yana shiga aikin ruwan sha da makaranta. Irin wannan ya cancanci sunan da zai bambanta shi da na zur.

Kasuwar kuma iri biyu ce, ta tilas kamar wadda Tarayyar Turai ta fara a 2005 inda doka ce ke sa masana'antu saye, da wadda muke magana a kai. Kar mu ce ta sa-kai, don sa-kai aikin taimako ne ba ciniki ba, mu ce ta ganin dama, kamfani ya ga dama ya saya ya ga dama ya bari.

A labarai zai fito kamar haka: kamfanin ya sayi shaidar kabon ta tan dubu 50 a kasuwar ganin dama, dukkanta shaidar hanawa ce daga wani aikin ajiyar kabon a daji. Masu aikin rediyo ku karanta shi da ƙarfi ku ji ko harshe na tuntuɓe a wani wurin, in akwai sai mu gyara.