Neman kalma: me za mu kira kofin Gamper da ire-irensa?

1/
Jama'a, kalma nake nema. Duk shekara da zarar Yuli da Agusta sun kama, za ka ji yara a gidan kallo suna cewa "rabu da su, ai firisizin ne". Masu labarin wasanni a rediyo kuma kowa da tasa: wannan ya ce sada zumunta, wancan ya ce atisaye, wani ya ce share fage. Ni abu guda nake so mu raɗa wa suna: gasar da ƙungiya ke shiryawa a gidanta, ta gayyato baƙi, ta ajiye kofi, a buga kafin a shiga kakar wasa. Irin kofin Gamper na Barcelona, da na Bernabéu na Real Madrid, da na Emirates na Arsenal.

2/
Ba a yanka ragon suna sai an san abin da aka haifa, don haka bari mu leƙa tarihin ɗaya daga ciki. Na ɗauki Gamper saboda ya girmi sauran biyun: shi 1966, Bernabéu 1979, Emirates 2007.

Mai sunan, Hans Gamper, ɗan ƙasar Suwizalan ne da ya zauna a birnin Barcelona har mutanen garin suka mayar da shi Joan. A watan Oktoban 1899 ya ba da cigiya a wata jarida yana neman masu sha'awar ƙwallo, ranar 29 ga Nuwamba suka taru aka kafa ƙungiyar. Ya buga mata wasa, ya shugabance ta har sau biyar. A 1925 'yan kallo suka yi wa taken Sifaniya ihu, hukuma ta rufe filin wata shida, shi kuma aka tilasta masa sauka. Ya rasu a 1930. Ko da aka gina sabon filin da aka buɗe a 1957 an so a sa masa sunansa, gwamnatin Franco, mai mulkin Sifaniya a lokacin, ba ta lamunta ba, filin ya tashi da sunan Camp Nou, wato sabon fili kurum. Sai a 1966 shugaban ƙungiyar na lokacin, Enric Llaudet, ya ƙirƙiro kofi da sunan mutumin.

3/
A karon farko ƙungiya huɗu ce: mai gida, da Anderlecht ta Beljiyam, da Nantes ta Faransa, da Köln ta Jamus. Barcelona ta ci Köln 3-1 a wasan ƙarshe. Haka aka ci gaba da yi da ƙungiya huɗu cikin kwana biyu har 1996. Daga 1997 aka mayar da shi wasa ɗaya tal, baƙo ɗaya, saboda jadawali ya cushe. A ranar ce ake fito da 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya a nuna wa magoya baya, musamman sababbin saye, koci da kyaftin su karɓi lasifika su yi alkawuran da ba lallai su cika ba.

Kuma baƙo yakan ci tuwon ya tafi da akushin. Köln ta dawo ta ɗauke kofin a 1978 da 1981. Internacional ta Birazil ta ɗauke shi a 1982, shekarar da Maradona ya iso. Manchester City a 2009, Sampdoria a 2012. Wani baƙon kuwa wuya yake sha: Boca Juniors ta kwashi 9-1 a 1984.

4/
To, ga abin da muke nema wa suna. Akwai mai gida, akwai gayya, akwai kofi, ana yi gab da kaka, kuma wanda ya ci ba ya samun maki ko ɗaya a teburin gasa.

5/
"Share fage" ita ce amsar da aka fi turo min, kuma Hausa ce tsantsa, daga fagen dambe da kokawa inda ƙanana ke fara karawa kafin manya su fito. Matsalarta an riga an yi mata miji. Idan ka ce "wasan share fage" yau, kunnen mai sauraro neman gurbin shiga gasar kofin duniya ko ta nahiyar Afirka yake ji, wasan da idan aka sha kashi koci kan rasa aikinsa. Bai kamata kalma ɗaya ta ɗauki wasan a-mutu-ko-a-yi-rai da wasan da ake canja mutum tara bayan hutun rabin lokaci ba.

6/
"Sada zumunta" ba ƙarya ba ce, amma ta yi faɗi. Duk wasan da ba na gasa ba sada zumunta ne, ko a Maris aka buga shi. Ba ta nuna lokaci, ba ta nuna kofi.

Sau ɗaya dai na ga Gamper ɗin da wannan suna ya zauna masa daram. A 2017 aka gayyaci Chapecoense ta Birazil, wadda jirginta ya faɗi kusa da Medellín a ƙasar Kolombiya a Nuwamban 2016, mutum 71 suka rasu. Alan Ruschel, ɗaya daga cikin 'yan wasa uku da suka tsira, ya shiga fili ya buga a ranar. An tashi 5-0, amma ba na jin akwai wanda ya je don ƙirga ƙwallaye.

"Atisaye" kuwa na sojoji ne da na filin horo. Ba a sayar wa mutum tikiti a ce masa atisaye ya zo kallo.

7/
Wani malami daga wajen Ƙonni ya kawo "buɗin daji", bikin da Azna ke yi na buɗe shekara, inda har ake duba abin da damina za ta zo da shi. Malam, Allah ya ƙara basira, ma'anar ta yi kusa ƙwarai. Amma ka san mutanenmu, ana faɗa za a ce an shigo da tsafi cikin ƙwallo, mu bar kalmar mu koma wata muhawarar.

8/
Wadda ta tsaya min a rai kwana biyu ita ce "gasar jajibirin kaka", wata 'yar'uwa mai koyar da Hausa ce ta kawo ta. Kowa ya san jajibiri, akwai ɗoki a cikinta, akwai sabon ɗinki, kuma ta dace da Gamper na yanzu da ake bugawa ana saura kwanaki a fara La Liga. Hajiya, inda na rabu da ke shi ne nan: jajibiri yini ɗaya ne, gobe Sallah. Kofin Emirates an sha buga shi a ƙarshen Yuli, saura mako biyu ko fiye a fara Firimiya. Sannan jajibiri na gaya mana yaushe ne, bai gaya mana mene ne ba.

9/
Ana cikin haka na je gaida kawuna, manomi ne, ƙwallo ba ta dame shi ba. Ya ga ina ta latsa waya ya tambayi abin da ya hana ni cin abinci. Na yi masa bayani iya yina. Ya ce, "Wato kakar ba ta zo ba, amma ana ɗan taɓawa a ji?" Na ce haka ne, Kawu. Ya ce, "To ai tumu ke nan, ɗana. Me kuke wahalar da kanku?"

Na ajiye wayar.

10/
Ga wanda ya tashi a birni: tumu shi ne zangarniyar geron da ta riga sauran nuna. Tun kafin girbi ake karyo ta, a gasa a wuta, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki. Da shi ake jin yadda gonar bana ta yi.

Abin da ya sa kalmar ta kama ni shi ne, tun farko mu da kanmu muka ɗauko "kaka" daga gona muka kai ta filin ƙwallo. Ba wanda ya tilasta mana cewa "kakar wasa", kuma ta zauna har ba ma jin ƙamshin gero a jikinta. Tunda mun karɓi kaka, abin da ake ci kafin kaka yana da sunansa a gonar da muka aro ta.

11/
Mu gwada ta da tarihin.

Agustan 2005, Juventus ce baƙuwa. Kocin Barcelona, Frank Rijkaard, ya fara wasan da wani yaro ɗan shekara 18, Lionel Messi. Yaron ya hana manyan 'yan bayan Italiya sakat, har kocin Juventus, Fabio Capello, ya nemi a ba shi aronsa tun wasan bai tashi ba. An yi 2-2, Juventus ta ɗauki kofin a bugun fenariti, kuma yau ba mai tuna wannan sai an tuna masa. Abin da ake tunawa ɗanɗanon ne. A ƙarshen kakar Barcelona ta haɗa La Liga da kofin zakarun Turai. Wannan idan ba tumu ba ne, mene ne?

Na biyu, tumu ba ya shiga rumbu. Ba manomin da ke lissafa shi cikin damman da ya samu. Haka kofin nan: idan ana ƙirga kofunan ƙungiya a ƙarshen shekara ba a sa shi, wanda ya sa kuwa dariya za a yi masa a majalisa.

Na uku, abin rabawa ne da baƙo. A 2010 Ronaldinho ya dawo Camp Nou cikin rigar AC Milan. Barcelona ta ci a fenariti, kyaftin ɗinta Carles Puyol ya karɓi kofin ya miƙa wa Ronaldinho. Wa zai yi haka da kofin La Liga?

Wani lokacin kuma mai gona ne ke zaɓar zangarniya mai tsawo. A kofin Emirates an sha ba da maki ɗaya kan kowace ƙwallo. A 2017 Sevilla ta ci wasanninta biyu, ciki har da doke Arsenal 2-1, amma Arsenal ce ta ɗaga kofin saboda biyar ɗin da ta zura wa Benfica. 'Yan Arsenal ku yi haƙuri, ba ni na tsara ba.

12/
Tun jiya wani ya riga ni: "Yaya, ka manta da zaɓen tumun dare?" Ban manta ba, ƙanena, shi ne ma ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Tumu na yaudara. A Gamper na 2013 Barcelona ta yi wa Santos 8-0, Neymar ya shigo yana fuskantar tsohuwar ƙungiyarsa, magoya baya suka fara auna rumbu. Kakar ta ƙare Atlético Madrid ta zo har Camp Nou ranar ƙarshe ta ɗauki La Liga. A 2024 kuma Monaco ta zo Gamper ta yi wa Barcelona 3-0, aka fara yi wa kocinta Hansi Flick kallon-kallo, sai ga shi ya kawo La Liga da Copa del Rey. Duk wanda ya yanke wa koci hukunci da wasan Agusta ya yi zaɓen tumun dare, kuma ga karin maganar a shirye, ba sai mun ƙera sabuwa ba.

13/
Ƙorafin da na ɗauka da nauyi shi ne na masu cewa yaran birni ba su san tumu ba. Gaskiya ne, wasu ba su sani ba. Amma yaron da ya iya "ofsayid" da "firisizin" ba tare da ya buɗe ƙamus ba, kalma mai gaɓa biyu daga harshen uwarsa ba za ta gagare shi ba. Mai sharhi ya faɗe ta sau uku da ɗan bayani, ta huɗu yaran ne za su riga shi.

Abu ɗaya zan roƙa: kada a ce "tumun kaka". Na gwada a gida, ƙanwata ta tambaye ni wace kakar, ta wajen uwa ko ta wajen uba.

14/
Ga inda na tsaya. Makonnin horo da tafiye-tafiyen da ƙungiyoyi ke yi zuwa Amurka ko Asiya, a bar su da "shirin tunkarar kaka", yadda wasu gidajen rediyo ke faɗa, ya wadatar. Gasar da ke da kofi a cikin wannan lokaci ita ce gasar tumu, kofinta kofin tumu, wasanta wasan tumu. Idan ana so a nuna ƙungiya ce ta shirya a gidanta, sai a jingina mata: gasar tumun Barcelona, gasar tumun Arsenal. Gasar Ahlan da ake yi a Kano kafin a fara Firimiyar Najeriya ma ta shiga ciki.

15/
Na karanta waɗannan da ƙarfi don in ji ko harshe zai yi tuntuɓe:

"Barcelona ta lallasa Como 5-0 a gasar tumunta ta kofin Gamper."

"Kar ka ɗaga murya, kofin tumu kuka ci."

"Sabon ɗan wasan ya haska a tumu, saura mu gani a kaka."

Ta ukun ce ta fi min daɗi. Masu sharhi a rediyo, ku gwada ta a iska mu ji yadda za ta sauka a kunnen mutanen Damagaram da Zariya da zangon Kumasi, don ban sani ba ko ko'ina ake kiran gasasshen geron da wannan suna. Wanda garinsu ke da wani sunan daban, ya ajiye mana shi a ƙasa.