Wace babbar lamba zan kai wa yaran kulob?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum malamai. Ranar Asabar ina da kulob ɗin lissafi na 'yan SS2, na yi musu alkawarin babbar lamba ɗaya da za mu feɗe tare. Wacce za ku ba ni?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ki kai musu 2,147,483,647. Idan kika jera 2 guda 31 kika ninka su, kika cire 1, ita ke fitowa. Babu lambar da ke raba ta sai 1 da ita kanta, masanin lissafi Euler ne ya tabbatar da haka a 1772. Kuma nan ƙidayar kwamfutoci masu bit 32 ke tsayawa, shi ya sa ake fargabar agogon wasunsu, da ke ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi, zai rikice ranar 19 ga Janairun 2038.

Malam Garba: Malam Bala, labarin da daɗi, amma me yara za su yi da hannunsu? Kafin su tabbatar ba ta rabuwa sai sun gwada lambobi har zuwa 46,340. Sai dai su ce to, su yarda da Malama. Ni 4,294,967,297 nake ba su. Fermat, Bafaranshen nan, ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba sa rabuwa, sai ya ɗauka wannan da ke bin su a jerin ma haka take (a jerin, sai a cire 1 daga lamba, a ninka abin da ya rage da kansa, a ƙara 1, ta gaba ta fito). A 1732 Euler ya raba ta da 641. Ki rubuta ta a allo, ki bar su su sha wuya da 3 da 7 da 11, sannan ki ba su 641. Za su samu 6,700,417 cif, ba ragowa. Ihun da suke yi a nan kaɗai ya isa.

Malama Rabi: Yaya Hadiza, in akwai masu rauni a ajin, ki fara da 720,720. Daga 1 har 16 kowace lamba na raba ta, ita ce ma mafi ƙanƙanta da ke yin haka, kuma masu raba ta duka 240 ne. Sirrin yana cikin 1001, wato 7 sau 11 sau 13. Ki ce kowa ya zaɓi lamba mai gurbi uku ya maimaita ta, kamar 358,358, ya raba da 7, da 11, da 13. Lambarsa ce za ta dawo masa.

Malam Bala: To ko a ƙarshe a faɗa musu ƙatuwar lambar da ba ta rabuwa da aka gano a Oktoban 2024, mai gurbi 41,024,320.

Malam Garba: Allonka zai ɗauke ta, ranka ya daɗe?

Malama Hadiza: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan buɗe da ta Rabi, in rufe da 641. A bar su da kalkuleta?

Malam Garba: A'a. 'Yar ƙaramar nan gurbi takwas take ɗauka, lambar ba za ta shiga ba ma. Takarda da biro, su zauna biyu-biyu, ɗaya na rabawa ɗaya na duba shi.