Ƙaramin Arno XI na katako: a taimaka da shawarar banish

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata uku ke nan ina haɗa samfurin Arno XI, jirgin ruwan tseren nan na Italiya mai injin Ferrari, wanda Achille Castoldi ya kafa tarihi da shi a tafkin Iseo a 1953, gudun kilomita 241 da ɗoriya a awa. Ma'aunin ɗaya bisa takwas nake yi, tsawonsa ya kusa santimita 80. Haƙarƙari ya tsaya, na rufe ƙasan da filawud. Saura jera siraran katako a sama da shafa banish, kuma nan ne gabana ke faɗuwa.

Kawu Kafinta: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiyar falo ne ko ruwa za ka sa shi?

Ɗan Auta: Falo ne, Kawu. Ba inji a ciki.

Kawu Kafinta: To, da sauƙi. Nemi maɗaci, launinsa ya yi kusa da mahoganin da aka yi na ainihin da shi. Amma busasshe! Wani mai katako ya taɓa rantse mini nasa ya shekara a rumfa, na yanka na manna, hunturu na shigowa sai ga tsaga tsakanin layi da layi, har farce na shiga. Ka yanka siraranka ka bar su sati biyu a ɗakin da kake aikin. In ka zo jerawa, fara daga tsakiya: ɗaya dama, ɗaya hagu. Ka cika gefe guda tukuna, gam zai ja jirgin ya karkace.

Injiniya: Wurin lanƙwasar fikafikan gaba, waɗanda jirgin ke tsayawa a kansu in ya ɗauki gudu, ka jiƙa katakon a ruwan zafi, ka ɗaure shi a wurin da salatif ya kwana, sannan ka sa gam washegari. Ni dai sufa gulu nake sawa, ba na jira.

Kawu Kafinta: Injiniya, sufa gulu a kan maɗaci? Yana nutsewa cikin itacen ya bar tabo, kuma sai an shafa banish tabon ke fitowa ɓaro-ɓaro. Farin gam na kafintoci ya fi, ana goge rarar da jiƙaƙƙen tsumma tun bai bushe ba.

Injiniya: Na sallama, Kawu. Nawa fenti na rufe shi da shi, shi ya sa ban gani ba.

Ɗan Auta: Banish ɗin fa, shafi nawa?

Kawu Kafinta: Kada ka ƙirga. Maɗaci na da ƙananan ramuka a jikinsa, sai sun cika ƙyalli ke zama kamar gilashi. Goge da samfefa mai lamba 120, sai 240, kana bin tsawon itacen. Shafin farko ka tsinka shi da tina rabi da rabi, katako ya sha ya ƙoshi. Daga nan siriri-siriri, kowane ya kwana, ka bi shi da 400 a hankali. Ka riƙa karkata jirgin a gaban taga. Muddin kana hango ɗige-ɗige masu sheƙi a cikin wurin da ka goge, ramukan ba su cika ba. Ni nakan kai takwas, wani lokacin goma.

Anti Mai Zane: Ƙanena, ƙura ce za ta cuce ka. Yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka buɗe gwangwani, kashe fanka, kana gamawa ka kifa babban kwali a kai. Murfin injin nan ja kuma ka fenta shi daban, da farin shafi a ƙarƙashi, in ba haka ba jan zai yi duhu kamar zoɓo. Sai komai ya bushe ka ɗora.

Ɗan Auta: Na gode, Anti. Buroshi ko fesawa?

Anti Mai Zane: Jan ka fesa. Banish kuwa buroshi mai laushi, sabo, ka fizge gashin da ke zuba tun kafin ya kwanta maka a kan aikin.

Kawu Kafinta: Ka gwada komai a guntun da ya rage tukuna. Turo hoton jerin tsakiyar kafin ka sa gam, in ga ko layin ya miƙe.

Ɗan Auta: In sha Allahu bayan la'asar, Kawu.