Ikiza, kisan kiyashin Burundi na 1972: wanda ya gani ko ya ji daga bakin mai ita, ya faɗa

Wata uwa a Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aure ne ya kawo ni Kano, amma kusa da Rumonge aka haife ni, a kudancin Burundi. Ranar 29 ga Afrilu 1972 'yan tawayen ƙabilar Hutu suka far wa 'yan ƙabilar Tutsi a yankinmu, suka kashe mutane da yawa, ba zan ɓoye wannan ba. Daga nan sojojin shugaban ƙasa Micombero, wanda Batutsi ne, da samarin jam'iyyarsa suka shigo da takardun sunaye. Duk Bahutun da ya yi boko suke nema: malamai, ɗalibai, ma'aikata, limaman coci. Babanmu malamin firamare ne. Daga aji suka fito da shi, da alli a hannunsa, suka jefa shi a babbar mota. Abin da ya fi ci min rai har yau, an hana mahaifiyarmu zaman makoki, wai mijinta maci amana ne. Cikin dare take kuka, ta toshe baki da zani. Daga baya muka tsallaka Tanzaniya.

Wani tsohon ma'aikacin lafiya: Hajiya, Allah ya ji ƙan Baba. Na yi aiki a Ulyankulu, yankin Tabora na Tanzaniya, inda aka tsugunar da 'yan gudun hijirar 1972. Na san dattijon da ya daɗe yana hana 'ya'yansa makaranta, don a idonsa boko ne ya kashe 'yan'uwansa. A 2014 Tanzaniya ta ba 'yan gudun hijirar Burundi kusan 162,000 takardar zama 'yan ƙasa, amma tsofaffin kullum hirarsu gonakin da suka baro.

Wani malami a Damagaram: Da wani ɗan garin Gitega na Burundi muka yi karatu. A 2020 hukumar gaskiya da sulhu ta Burundi ta tono manyan kaburbura a bakin kogin Ruvubu, aka fito da ƙasusuwan mutum sama da 6,000. Abokin nawa ya je ya yi ta duba tsummoki da tabarau da aka shimfiɗa, ko zai gane na yayansa. Bai gane komai ba.

Uwar ta dawo: Malam, mu ma ba mu san inda aka binne Baba ba. Don Allah ka tambayi abokin naka ko waɗanda ke wajen ƙasar za su iya kai sunan mamacinsu gaban hukumar. Ina so a rubuta nasa tun ina da rai.